Bayan Tashin Bindiga: Shari'a da Halin Zuciya

A daren 17 ga Oktoba, 1992, a birnin Baton Rouge na ƙasar Amurka, wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16, Yoshihiro Hattori, ya yi ɓatan kai ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gida. Maigidan ya zaci mugu ne, ya harbe shi har lahira.

Me ke jawo irin wannan kuskure? Idan tsoro ya kama mutum, jikinsa kan saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, gani ya ƙuntata, ji ya ragu, sai hannu ya riga tunani.

Daga nan sai shari'a. A 1993 kotu ta wanke maigidan daga laifin kisa. Amma a 1994 iyayen yaron suka yi nasara a ƙarar neman diyya, aka yanke masa biyan kimanin dala 650,000. Dalili kuwa shi ne, hujjar da ake buƙata don tabbatar da laifi ta fi ta neman diyya nauyi.

Ko kotu ta wanke mutum, zuciyarsa ba lalle ta sake shi ba. Wasu masu harbin kan yi fama da munanan mafarkai, da rashin barci, da yawan razana, da nadama. Idan alamun suka wuce wata guda, likitoci kan bincika ko ciwon firgici ne na bayan tashin hankali, wanda Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya cikin jerin cututtuka a 1980. Ciwon yana da magani, muddin an nemi likita.