KAYAN ZAƘIN SALLA DA MASU CIWON DA JIKI KE YAƘAR KANSA

Mai gida da uwargida, ga Salla ta matso. An soma tuyar cincin da dubulan, ana dakan nakiya, ana haɗa alkaki. Wannan takarda domin gidan da ke da babba ne, mai shekara 40 zuwa 60, wanda ke fama da ciwon nan da jiki ke yaƙar kansa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura.

Wane irin ciwo ne?

A cikin jinin ko wane mutum akwai waɗansu ƙwayoyi masu tsaron jiki, kamar dogarai a ƙofar fada. Aikinsu kashe ƙwayoyin cuta. Amma a jikin waɗansu mutane su kan ruɗe, su juya su afka wa jikin da su ke tsaro. In sun afka wa gaɓɓai, sai yatsu da wuyan hannu su kumbura, dama da hagu, su sage da safe. Shi ne amosanin gaɓɓai mai kumburi. Akwai kuma wanda ke taɓa fata da ƙoda da gaɓɓai, likitoci na ce da shi lufus. Mata sun fi maza kamuwa: cikin masu lufus 10, kamar 9 mata ne. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani.

To, ina ruwan zaƙi?

Ba zaƙi ne ya kawo ciwon ba, amma ya kan ƙara wa mai shi wahala ta hanya uku.

Ta farko, magani. Da yawa cikin masu wannan ciwo likita na ba su ƙwayar da aka rubuta Prednisolone a jikin kwalinta. Tana kwantar da kumburi ƙwarai, amma ta kan ɗaga sukarin da ke cikin jini, ta kuma buɗe ciki. Wanda ya sha ta da safe, sukarinsa ya fi hawa daga azahar zuwa dare, watau daidai lokacin yawon Salla. In an ɗora alewa da lemon kwalba a kai, an zuba wa wuta mai ke nan. Sukari in ya yi yawa a jini, miki ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuwa su sami ƙofa.

Ta biyu, ƙiba. Gwiwar da ke ciwo ita ce ke ɗaukar ko wane nauyin da ya ƙaru. Masu wannan ciwo kuma sun fi sauran mutane haɗarin ciwon zuciya, ƙiba kuwa tana ƙara shi.

Ta uku, haƙori. Waɗansu masu ciwon bakinsu ya kan bushe. Inda babu yawu, zaƙi na manne wa haƙori ya cinye shi.

Nawa ne awo?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kamar cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi kyau. Zuma ma cikin lissafin ta ke. Ƙaramar kwalbar lemo guda ta kan ɗauki cokali 8 ko 9. Kun ga kwalba biyu sun wuce awon yini, tun ba a taɓa alkaki ba.

Abin da za ku yi

1. Mai ciwo, fara cin tuwo ko shinkafa da miyar ganye da nama. Zaƙi ya biyo baya, kada ka ci shi da yunwa.
2. Zaɓi abu guda da ka fi so, ka ci kaɗan. In an ba ka a gidan mutane, karɓa ka yi godiya, ka ƙulle ka kai gida a raba.
3. Uwargida, ki ware masa zoɓo da fura kafin ki sa sukari. Ki tanadi gyaɗa da gwanda da lemon zaƙi. Kada ki matsa wa baƙon da ya ce ya ƙoshi.
4. A kurkure baki bayan zaƙi, a goge haƙori safe da dare.
5. Kada a bar magani domin a ci zaƙi. Wanda ya daɗe yana shan Prednisolone, in ya bari farat ɗaya, yana iya faɗuwa, har ya rasa ransa. Likita ne ke rage ta sannu sannu.

Yaushe za a tafi asibiti?

In mai ciwo ya ga ƙishirwa ta hana shi sakat, yana yawan tashi fitsari da dare, ga kasala, ga gani dishi-dishi, lalle a kai shi a auna jininsa. Kada a ce sai an gama hidima. Awon ba shi da wuya, ɗigon jini guda ne daga yatsa.

Salla kwana kaɗan ce, jiki kuwa da shi za a ga ta baɗi. A sha zaƙi da awo.