Wane ne ke magana da yawun ɗaliban digiri na biyu da na uku?

Ƙungiyoyin ɗalibai a jami'o'in Najeriya sun ginu ne a kan bukatun masu neman digirin farko, abin da ya bar manyan ɗalibai, musamman masu zuwa daga karkara kamar Rano da Kibiya a kudancin jihar Kano, da ƙaramar murya a wuraren da ake yanke shawara kan makomar karatunsu.

A duk lokacin da aka buga gangar zaɓen ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, harabar makaranta kan cika da hotunan 'yan takara da hayaniyar magoya baya. Amma akwai rukunin ɗaliban da galibi wannan hidima kan wuce su ba su ma sani ba, wato masu karatun digiri na biyu da na uku.

Da yawa daga cikinsu magidanta ne masu aikin yi. Daga yankin Rano da Kibiya akwai malaman sakandare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da jami'an lafiya da na aikin gona, da kuma malaman makarantar fasahar karkara da koyon sana'o'i da ke Rano, wadda reshe ce ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Ga irin waɗannan, ƙarin digiri shi ne tsanin ƙarin girma a wurin aiki. Jami'o'in gwamnati da suka fi nufa su ne ta Bayero, da ta kimiyya da fasaha da ke Wudil wadda aka kafa a shekarar 2001 aka kuma sanya mata sunan Aliko Dangote a 2022, sai kuma ta Zariya. Mutum kan yi sammako daga gida, ya halarci lacca ko ya ga malamin da ke duba aikinsa, sannan ya kamo hanya kafin dare ya yi masa.

Yadda tsarin yake

A akasarin jami'o'in Najeriya an tsara ƙungiyar ɗalibai ne tamkar ƙaramar gwamnati. Akwai ɓangaren zartaswa mai shugaba da sakatare da jami'in walwala, akwai majalisar wakilai wadda ake zaɓo mambobinta daga tsangayoyi ko ɗakunan kwana, a wasu wuraren kuma har da ɓangaren shari'a. Ofishin kula da harkokin ɗalibai ne ke sa ido a kan zaɓe, shi ne kuma gadar da ke tsakanin ƙungiyar da shugaban jami'a.

Wannan tsari ya dace da wanda ke kwana yana tashi a cikin makaranta tsawon shekara huɗu ko biyar. Bai dace da wanda ke zuwa kwana biyu a mako ba. A jami'o'i da dama sharuɗɗan tsayawa takara, kamar matakin ajin da ɗalibi yake da makin da ya tara, an rubuta su ne da ɗalibin digirin farko a zuciya. Shi ya sa manyan ɗalibai kan koma ga kafa tasu ƙungiya ko majalisa a ƙarƙashin makarantar karatun gaba da digirin farko, ko kuma su wadatu da wakilin aji wanda ba shi da wata kujera a hukumance.

Ta fuskar doka, gyaran da aka yi wa dokar jami'o'in tarayya a shekarar 2003 ya tanadi cewa ɗalibai za su samu wakilci a hukumar kula da walwalarsu da sauran kwamitocin da suka shafi al'amuransu, kuma za a dama da su wajen tsara manhaja da auna ƙwazon malamai a fannin koyarwa. Sai dai dokar ba ta ware wa ɗalibai kujera a majalisar gudanarwa ta jami'a ba, kuma ba ta bambanta tsakanin ƙananan ɗalibai da manya ba. Saboda haka duk wakilcin da aka bayar kan faɗa hannun masu rinjayen yawa.

Tarihin da ya haifar da ɗari-ɗari

Akwai dalilin da ya sa hukumomin jami'o'i ke taka-tsantsan da duk wani abu mai sunan ƙungiyar ɗalibai. A watan Afrilun 1978 ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa NUNS, ƙarƙashin jagorancin Segun Okeowo, ta yi zanga-zangar neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali, bayan an ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo kuma ta haramta ƙungiyar. A 1980 ne aka kafa NANS a madadinta.

Ranar 23 ga watan Mayun 1986 'yan sanda suka buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka kashe ɗalibai, lamarin da ya girgiza jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Bayan tarzomar adawa da shirin tsuke bakin aljihu a 1989, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa doka mai lamba 47, wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon rushe ta. A maƙwabciyar ƙasa Nijar ma, an kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990.

Wannan tarihi ya bar wa jama'a wata fahimta cewa siyasar ɗalibai aikin matasa ne masu zafin kai. Magidanci mai iyali da albashin da yake tsoron rasawa ba ya son a ga ƙeyarsa a cikinta, ko da kuwa shi ma yana da kokensa.

Matsalolinsu daban ne

Abin da ke ci wa ɗalibin digirin farko tuwo a ƙwarya shi ne ruwa da wutar lantarki a ɗakin kwana, da motar shiga makaranta, da sakamakon jarrabawa. Babban ɗalibi kuwa, makomarsa na rataye ne a hannun mutum ɗaya ko biyu, wato malaman da ke duba kundin bincikensa. Idan malami ya tafi hutun nazari, ko ɗalibai suka yi masa yawa, babi guda na iya kwashe watanni a kan tebur. Bayan haka sai jiran ranar gabatar da aiki a sashe, sai jiran mai jarrabawa daga wata jami'a.

A kan takarda, digiri na biyu aikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne, na uku kuma kimanin shekara uku. Duk shekarar da ta ƙaru, sabon kuɗin rajista ne da sabon kuɗin mota, ga kuma hutun karatun da aka ba ma'aikaci a wurin aiki yana ƙarewa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na 2020, wanda ya ɗauki kimanin wata tara, da na 2022 wanda ya kai wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, sun ƙara dagula lissafin.

Ta fannin tallafi ma akwai giɓi. Lokacin da asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara karɓar takardu a watan Mayun 2024, bai haɗa da masu digiri na biyu da na uku ba. Gwamnatin jihar Kano ta sanar a 2023 cewa za ta tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda, amma gurbin na waɗanda suka fita da sakamako mafi daraja ne. Malamin makaranta daga Kibiya da ke karatu a gida, aljihunsa ne gatansa.

Babbar wahalar ita ce ɗalibi ɗaya ba ya iya kai ƙarar malamin da zai sa hannu a kundinsa. A nan ne amfanin wakili yake, domin shi zai iya kai koken jama'a gaban kwamiti ba tare da an nuna wani da yatsa ba.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Ghana manyan ɗalibai suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai suna GRASAG, wadda ke da rassa a jami'o'i. A Afirka ta Kudu dokar ilimi mai zurfi ta 1997 ta wajabta wa kowace jami'ar gwamnati samun majalisar wakilan ɗalibai, ta kuma ba ɗalibai kujeru a majalisar gudanarwa. A Jami'ar Kambirij ta Ingila an haɗe ƙungiyoyin ƙanana da manyan ɗalibai a shekarar 2020, aka kafa ƙungiya guda mai shugabanni biyu, ɗaya ga kowane ɓangare. A Amurka kuwa, inda manyan ɗalibai ke koyarwa ana biyansu, sun bi hanyar ƙungiyar ƙwadago, kamar yadda aka gani a yajin aikin Jami'ar Kalifoniya a ƙarshen 2022.

Kowace hanya na da nata cikas. Ƙungiya mai zaman kanta ta fi sanin ciwon 'ya'yanta, amma ba ta da yawan jama'ar da zai sa a saurare ta. Kujera a cikin babbar ƙungiya kuma na iya zama ta je-ka-na-yi-ka idan masu rinjaye suka danne ta.

Ƙofar da ke buɗe a gida

Ga 'yan Rano da Kibiya akwai wata kafa ta uku, wato ƙungiyoyin ɗalibai na 'yan asalin yanki, daga na ƙananan hukumomi har zuwa NAKSS ta ɗaliban jihar Kano. Su ne ke bin sawun kuɗin tallafin karatu a hukumar jiha, su ne kuma ke kai gaisuwa da koke ga shugabannin ƙananan hukumomi da fadar Sarkin Rano da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Rano da Bunkure da Kibiya. A irin wannan zama, shekaru da gogewar babban ɗalibi riba ce, domin ya san yadda ake rubuta takardar koke da ofishin da ake kai ta.

Abubuwan da wakilcin zai iya nema a jami'a ba su da tsada: wa'adin da malami zai mayar da babin da aka ba shi, jadawalin gabatar da aiki tun farkon zango, hanyar sauya mai duba aiki ba tare da ramuwar gayya ba, da sassaucin kuɗin rajista idan jinkirin ba daga ɗalibi ya fito ba. Dukkansu ana yanke su ne a kwamitocin sashe da na makarantar manyan ɗalibai, kuma samun kujera a can ya dogara ne ga amincewar majalisar dattawan jami'a, da kuma samun wanda zai yarda ya ƙara wa kansa wannan nauyi a kan aiki da iyali da doguwar hanya.