Yadda Mutum Zai Tsara wa Kansa Atisayen Zango-Zango

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibi yakan ɗaura niyyar motsa jiki, ya yi kwana biyu ko uku yana ɗibar abin da ya fi ƙarfinsa, a rana ta huɗu gaɓoɓi su yi tsami, daga nan sai ya yi watsi da al'amarin. Galibi rashin tsari ne ke jawo haka. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mutum zai auna ƙarfinsa, ya tsara atisayen da ya dace da shi, ko da ba shi da kayan aiki na zamani.

Asalin Tsarin

Wasu malamai biyu na Jami'ar Lidis ta Ingila, R. E. Morgan da G. T. Adamson, su ne suka fito da wannan tsari a shekarar 1953. Akan jera motsi iri-iri, kamar 9 zuwa 12, kowanne da wurinsa. Yadda fatake kan ya da zango su tashi, haka mai atisaye zai gama wannan ya wuce na gaba ba tare da dogon hutu ba, har ya kewayo inda ya faro. Amfanin hakan biyu ne: tsokoki suna ƙara ƙarfi, zuciya da huhu kuma suna samun juriya.

Zaɓen Motsi da Jera Su

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a jera motsi biyu masu wahalar da sashe ɗaya na jiki. Idan zangon farko na ƙafafu ne, na biyu ya zama na hannuwa, na uku na ciki ko baya. Ta haka wani sashe zai huta yayin da wani yake aiki. Mai farawa zango shida sun ishe shi, misali: tsugunawa da miƙewa, dafa ƙasa da tafuka a rub-da-ciki, ana sauke ƙirji ana ɗagowa, kwanciya rigingine ana ɗago kafaɗu, hawa da sauka a matakala, rataya a ƙarfe ana jan jiki sama, sai tafiya da jarkar ruwa a kowane hannu. Jarka tana da sauƙin lissafi, domin lita ɗaya ta ruwa nauyin kilo ɗaya ce.

Auna Ƙarfi

A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, domin sukan kwaikwayi adadin da wani ya yi. A ranar farko mutum zai gwada kowane motsi har iyakar abin da zai iya ba tare da ya karkace ba, ya rubuta adadin. Rabin wannan adadi shi ne rabonsa na atisaye. Wanda ya tsuguna sau 30 zai riƙa yin 15, wanda ya ja jikinsa sama sau 4 zai riƙa yin 2. Da wannan rabo zai kewaya zangunan duka sau uku, ya duba agogo, ya rubuta lokacin da ya ɗauka. Rabin yakan yi kama da wasa a kewayen farko, amma a na uku mutum zai gane hikimarsa.

Ƙari da Hutu

Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗara wanda ta saba. Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka, ya yi amfani da wannan ƙa'ida ta ƙarin nauyi sannu a hankali wajen jinyar sojojin da suka ji rauni, ya kuma buga sakamakonsa a 1945. Saboda haka, idan lokacin kewayawa ya ragu sosai, sai a sake gwaji a fitar da sabon rabo. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko adadi, ko nauyi, ko yawan zanguna. Haɗa su duka ɗaukar Dala ba gammo ne, kuma ƙarshensa targaɗe.

Hutu ma wani ɓangare ne na aikin, domin a lokacinsa ne tsoka ke gyara kanta. Ya kamata a tsallake kwana ɗaya tsakanin atisaye da atisaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da su yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kafin farawa a ɗumama jiki da sassarfa ta minti biyar zuwa goma, kada a riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, a kuma kauce wa zafin rana. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara neman shawarar likita.

Kammalawa

An ga cewa tsara atisaye ya dogara ne kan jera motsi yadda sassan jiki za su karɓi juna, da sanin iyakar ƙarfi, da ƙari kaɗan-kaɗan. Ɗalibin da ya tanadi ɗan littafi yana rubuta adadinsa da lokacinsa, bayan wata biyu zai ga bambancin a rubuce, ya kuma ji shi a jikinsa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.