Kafin Ɗanka Ya Tafi Farasan Kamun Kifi

Iyaye da dama sun zo suna tambayarmu game da samarin da ke barin Jidda su tafi tsibiran Farasan, su yi wata biyu ko uku suna nutso suna sukar kifi da mashi. Ga abin da ya kamata kowa ya sani kafin a ɗaure kaya.

Farasan tarin tsibirai ne a Bahar Maliya, kimanin kilomita 50 daga garin Jizan, Jizan kuwa tana da nisan kilomita 700 da wani abu kudu da Jidda. Jirgin fito daga Jizan kyauta ne, amma ba a shiga sai da shaida. Yankin na dab da iyakar Yaman, saboda haka bincike ya fi na nan tsanani. Wanda iƙamarsa ta mutu, ko zai yi wa wanda ba kafilinsa ba aiki, ya san tarhil yake tunkara.

Tsibiran wuri ne da hukuma ta keɓe domin kare halittu, har UNESCO ta sa su cikin jerinta a 2021. Su a teku yana buƙatar izini, kuma jami'an Haras al-Hudud suna duba kwale-kwale da kayan da ke ciki. Kada yaro ya sayi bindigar mashi sai ya je ofishinsu ya ji hukuncinta. Akwai kuma lokacin hani: daga 1 ga Afrilu zuwa ƙarshen Mayu ba a kama najil da taradi a gabar Bahar Maliya, domin lokacin haihuwarsu ne.

Nutson kansa yana da haɗari. Mai riƙe numfashi yana iya suma lokacin da yake tasowa, ba tare da wata alama ba, musamman idan ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse. Shi ya sa ba a nutso mutum ɗaya; ɗaya na ƙasa, ɗaya na sama yana kallonsa. Kada a ɗaure kifin da aka soka a ƙugu, jininsa na jawo kifin ƙirshi, wato shak. Wanda ya taka kifin dutse mai dafi, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, a garzaya asibiti. Lambar gaggawa a teku ita ce 994.

Sai batun mutanen gari. Farasanawa masu karamci ne, amma teku ita ce gonarsu tun kaka da kakanni. Da dukiyar lu'ulu'un da aka ciro daga cikinta aka gina Masallacin Najdi a shekarar 1347 ta Hijira. Mai ƙugiya yana jiran abin da ya zo masa, mai mashi kuwa zaɓe yake yi, kuma manya masu ƙwai yake ɗauka. Masunci ba zai ji daɗin baƙon da ya ƙarar da kifin wurin da yake ci da iyalinsa ba. Dubi bikin kifin harid da suke yi duk shekara wajen Afrilu: kifin na taruwa a gaɓa, amma ba mai shiga ruwa sai an ba da izini, tamkar yadda ake yi a Argungu.

Saboda haka mu gaya wa 'ya'yanmu: su gaida dattawan masunta, su tambayi inda aka yarda su shiga, kada su taɓa koma ko tarkon wani, su kama daidai buƙata, su kuma yi wa maƙwabta ihsani da abin da suka samu. Abin da yaro ɗaya ya yi, da shi za a auna duk Bahaushen da zai zo bayansa.

Wanda ɗansa ke shirin tafiya, ya zo da shi mu duba takardunsa tare kafin ya hau mota. Allah Ya tsare mana zuriya.