Kafin Ki Ci Bashin Akwati Don Sayen Kwamfuta

Iyayena da 'yan uwana mata, sau da yawa idan na leƙa shagon Mama a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai wata maƙwabciyarta ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ƙanwarki ta hana ni sakat, wai sai na saya mata laftof ta koyi irin aikinki. In ci bashi a ƙungiya?" Amsata ba ta canzawa. Nakan ce, "Hajiya, in da gaske take a saya mata, amma da kuɗin rabo, ba da bashin akwati ba." Zan faɗi dalili, sai dai bari in fara da bayanin aikin, domin ba a zuba jari a sana'ar da ba a san kanta ba.

Ni injiniyar manhaja ce. Manhaja ita ce umarnin da aka rubuta wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. WhatsApp manhaja ce. Abin da ke cikin na'urar POS, wanda ke cire kuɗi daga katinki ya tura wa mai shago, manhaja ce. Ko lambobin nan da kike dannawa a ƙaramar waya ki duba abin da ya rage miki a banki, akwai manhaja a bayansu. Duk wadda ta yi kasuwa a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi wuya, ta san muhimmancin abin. Mai saye ya ce ya tura, kuɗi ya fita daga wajensa, ke kuma alat bai shigo ba, ga turmin atamfa a hannunsa kuna kallon juna. A irin wannan lokaci akwai waɗanda ke zaune gaban kwamfuta, wani sa'in har asuba, suna neman inda abin ya maƙale. Irin aikinmu ke nan.

Yadda ake rubuta ta kuwa, ba baƙon abu ba ne a wajenku. Ku ɗauko dokokin ƙungiyarku ku duba. Idan mace ta makara a taro, ta biya tara. A kowane zama za ta iya sayen hannu ɗaya zuwa biyar. Ba za a ba ta bashin da ya wuce ninki uku na ajiyarta ba. To, manhaja ma haka take: idan kaza ya faru a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Bambancin shi ne ana rubutawa da yaren da kwamfuta ke ganewa, kamar Python ko JavaScript, kuma ita kwamfuta ba ta da hankalin kanta ko kaɗan. Abin da ba ki faɗa mata ba, ba ta sani ba.

A ƙungiyar su Mama na fara koyon wannan, da kunya. Ina ɗaliba na rubuta musu wata 'yar manhaja mai lissafa bashin da kowace za ta iya karɓa, ina ji da kaina. Ranar gwaji sai ta nuna wata baiwar Allah za ta iya karɓar cikakken ninki uku. Ma'ajin ƙungiya, tsohuwar da ko firamare ba ta yi ba, ta dube ni ta ce, "Ke yarinya, wannan ai ba ta gama biyan na baya ba." Gaskiyarta. Ban rubuta wa kwamfutar cewa ta fara duba tsohon bashi ba, domin a ganina kowa ya san haka. Da kuɗin gaske ne, da na jawo rigima. Har yau, mafi yawan ranakun aikina suna tafiya ne wajen irin wannan tambaya: me na manta? Idan intanet ya yanke a tsakiyar biya fa? Idan mutum ya danna sau biyu fa, kada a cire masa sau biyu?

Shi ya sa a kamfanin kirki ba a barin mutum ɗaya ya rubuta abu ya sake shi ga jama'a. Sai wani abokin aiki ya karanta layi-layi ya amince, sannan a gwada. Ranar da na fara ganin haka sai na tuna akwatin ƙungiya mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, kuɗi kuma a ƙirga a gaban kowa. Wannan tsari naku ya samo asali ne daga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da CARE ta fara da su a yankin Maraɗi a 1991, kuma hikimar ɗaya ce da tamu: ba don ana zargin kowa ba, sai don ɗan Adam ajizi ne.

Hanyar shiga aikin biyu ce. Akwai ta makaranta: yarinya ta ci lissafi da Turanci a jarrabawar kammala sakandare, ta zana JAMB, ta karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara huɗu idan ba a samu tsaiko ba. Ko ta shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, ta yi ƙaramar difloma a shekara biyu, ta yi shekara guda tana sanin makamar aiki, ta dawo ta yi babbar difloma. Akwai kuma ta koyo da kai, a shafuka irin su freeCodeCamp da ke koyarwa kyauta, da cibiyoyi irin su CoLab da ke Barnawa a ƙetaren kogi, da shirin gwamnatin tarayya na 3MTT da aka ƙaddamar a 2023. Ƙungiyar She Code Africa ma tana haɗa 'yan mata masu koyo da waɗanda suka riga su.

A ganina, ko wadda ta bi ta jami'a sai ta haɗa da ta biyun. Takardar shaida takan buɗe ƙofa, musamman a aikin gwamnati da banki, amma a wajen ganawar ɗaukar aiki abin da ake cewa shi ne, "Nuna mana abin da kika gina." Ana ajiye irin waɗannan ayyuka a wani shafi mai suna GitHub, kamar yadda tela ke rataye ɗinkinta a ƙofar shago. Kuma Turanci dole ne, domin kusan duk bayanan da za ta karanta da shi aka rubuta su.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta sa na yi wannan rubutu. A yawancin ƙungiyoyi bashin akwati na wata uku ne. An tsara shi ne don abin da ke juyawa da sauri: ki sari kaya, ki sayar, ki mayar da uwar kuɗi, riba ta zama taki. Laftof ba ya juyawa haka. A ce ajiyarki ta kai naira 50,000, kika karɓi ninki uku, 150,000. Za ki riƙa kawo 50,000 duk wata, ban da kuɗin hidima idan ƙungiyarku na karɓa. Daga ina za su fito? Yarinyar a wata na uku ba ta wuce matakin farko ba. Daga jarin shagonki za su fito, ko ki kasa biya, a fara kiran sunanki a taro, sauran mata kuma su rasa abin ranta. Ni kaina sai da na haura shekara biyu ina koyo kafin na karɓi sisin kwabo. Aikina na farko ma, wani shafi da na yi wa wani ɗan kasuwa, rabin kuɗin ya ba ni, sauran har yau yana cewa in ƙara haƙuri. Daga nan na koyi karɓar kafin alƙalami da rubuta yarjejeniya.

Kuɗin rabo kuwa naki ne, ba wanda zai bi ki. Da shi Mama ta saya min laftof ta hannu, bayan ta yi shekara guda tana sayen hannu biyar duk mako, ta haƙura da ankon biki har biyu. Wannan jira na shekara ma yana da amfani, domin a cikinsa za ki gane ko yarinyar da gaske take. Ta fara da wayar gida ko kwamfutar aro. Bayan wata uku ki ce, "Yi min shafin shagona, da hoton kaya da farashi." Ba sai kin iya karatun boko ba za ki ga ko ya yi. Wadda ke son abin za ki gan ta tana fama da kuskure ɗaya tun la'asar har isha'i ba ta ajiye ba. Wadda labarin dala kawai ta ji, sati biyu ya ishe ta.

Game da dalar, kada a ruɗe ku. Gaskiya ne akwai 'yan Najeriya da ke yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki daga ɗakinsu, kuma gaskiya ne a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda matasa biyu 'yan Najeriya suka kafa. Amma masu irin wannan albashi sun yi shekaru suna aiki. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, ƙananan ayyukan da sababbin shiga ke fara samun na abinci da su, na'ura tana yin da yawa daga ciki. Ba wai sana'ar ta mutu ba ce, amma wadda ta haddace kawai ba ta fahimta ba za ta sha wuya. Duk cibiyar da ta ce a biya ta, cikin sati huɗu yarinya za ta fara karɓar dala, ki riƙe jakarki da kyau. Ki ce a nuna miki ɗaliban da suka gama da inda suke aiki, ki yi magana da ɗaya daga cikinsu da bakinki. Haka nan idan yaro ko yarinya suka fara shigo da kuɗi masu yawa, ba su iya faɗin sunan wanda suke yi wa aiki ko su nuna abin da suka gina ba, ki bincika. Damfara ta intanet ba injiniyanci ba ce, sata ce.

Wani alheri da aikin ke da shi ga mace, ana iya yin sa daga gida, ko bayan aure. Sai dai yana son wuta, da data, da awanni a jere ba tare da ana kiranki ba. Idan kamfanin na Amurka ne, taro kan faɗo da dare. A yi wannan magana da miji ko iyaye tun da wuri.

Idan ranar rabo ta zo kuma kin yanke shawarar saya, kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da wanda ya san kan kwamfuta. Ta hannu mai kyau ta wadatar, ba sai sabuwa ba. A duba RAM ɗinta ya kai 8, ma'adanarta ta zama irin SSD, a cire caja a ga ko batirin zai riƙe awa biyu, tunda kun san halin wutarmu. Ki karɓi rasiti mai sunan shago da lambar na'urar, don kada a sayar miki da kayan sata. Sannan kada ki kashe kuɗin duka a kanta. Ki ware na data na aƙalla wata shida, da na motar zuwa wurin koyo, ki sa yarinyar ta riƙa rubuta abin da ta kashe a littafi, ta kawo miki ku duba tare duk ranar taro.