Fasahar Filifin Tsakanin Asiya da Turai: Matsalar Rarraba Tarihin Fasaha

1.0 Gabatarwa

An saba a littattafan tarihin fasaha a raba duniya gida biyu. A gefe ɗaya a kan ajiye Turai, a faro daga Girka da Rum, a biyo ta Italiya har zuwa zamaninmu. A ɗaya gefen kuwa a ajiye Asiya, watau Sin da Indiya da Japan da ƙasashen Musulmi. Wannan rabo yana da sauƙin koyarwa, amma akwai ƙasashen da ba su shiga cikinsa sosai, kuma tsibiran Filifin suna daga cikinsu. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa ba a iya tantance asalin aikin fasaha sai an yi tambayoyi huɗu: hannun wa ya yi shi, da me aka yi shi, daga ina samfurinsa ya zo, sa'an nan don wa aka yi shi. A Filifin sau da yawa kowace tambaya amsarta tana wata nahiya dabam.

2.0 Kafin Zuwan Sifaniyawa

Tun kafin Turawa su iso, mutanen tsibiran suna da fasaharsu. A 1964 aka gano wani tulun binne ƙasusuwan mamaci a kogon Manunggul na tsibirin Palawan, wanda masana suka ƙiyasta an gina shi tsakanin shekara 890 da 710 kafin haihuwar Annabi Isa. A kan murfinsa akwai kwalekwale ɗauke da mutum biyu, ɗaya yana tuƙi, ɗayan ya harɗe hannuwa a ƙirji, alamar ruhun da a ke kai wa lahira. Haka kuma ɗan mutum-mutumin zinariya da aka tsinta a Agusan a 1917 ya nuna tasirin addinan Indiya. A kudu kuwa, inda Musulunci ya kafu, Maranao suna da salon sassaƙa mai lanƙwashe-lanƙwashen ganye da a ke kira okir. Ashe ke nan Sifaniyawa ba fili fetal suka tarar ba.

3.0 Hauren Giwa na Manila

Sifaniyawa sun kafa sansani a Cebu a 1565, suka kama Manila a 1571. Daga 1565 har zuwa 1815 manyan jiragen ruwansu suna kai da kawowa tsakanin tsibiran da tashar Acapulco ta Meziko, suna kai alharini da tangaran na Sin, suna dawowa da azurfa. Wannan ciniki ya jawo Sinawa masu yawa daga lardin Fujian, har hukuma ta keɓe musu unguwa da kasuwa mai suna Parian a wajen ganuwar birni.

Limaman Katolika suna bukatar mutum-mutumi da hotuna don majami'unsu, ga shi kuwa Turai ta yi nisa. Saboda haka sai suka miƙa wa masassaƙan Parian hotunan da aka buga a Turai, suka ce a kwaikwaya. Bishop na farko na Manila, Domingo de Salazar, ya yabi gwanintar waɗannan Sinawa a wata wasiƙa da ya rubuta wa Sarkin Sifaniya a 1590. Kayan aikinsu mafi daraja shi ne hauren giwa, wanda fatake su ke kawowa daga ƙetare.

Idan muka dubi mutum-mutumin Maryamu na wannan zamani, za mu ga tsayuwarsa da tufafinsa na Turai ne, amma fatar ido mai nauyi da ninkin wuya da yadda aka sassaƙa gajimare a ƙarƙashin ƙafa duk sun fi kama da siffar Guanyin ta mabiya Buddha a Sin. To, a wane babi za mu sa shi? Hannun na Basine ne, hauren baƙo ne, samfurin na Turai, mai saye kuwa wataƙila wata majami'a ce a Meziko. Duk wanda ya kira shi fasahar Sifaniya kawai, ko ta Sin kawai, ya amsa tambaya ɗaya ne ya bar uku.

Irin wannan haɗuwa ta bayyana a ɗab'i da gini. Littafin Doctrina Christiana na 1593 an buga shi ne da sassaƙaƙƙen allon katako irin na Sinawa. Taswirar tsibiran ta 1734, wadda a ke jingina wa limami Murillo Velarde, ɗan ƙasa ne, Nicolás de la Cruz Bagay, ya zana ta a kan tagulla. Majami'ar Paoay an tokare ta da manyan ginshiƙai saboda girgizar ƙasa, ita kuwa ta Miagao an ƙawata fuskarta da itacen kwakwa da gwanda. A nan ƙasar ce da kanta ta tanƙwara salon Turai.

4.0 Daga Majami'a zuwa Zauren Gasa

A ƙarni na 19 al'amarin ya sake. Damián Domingo ya buɗe makarantar zane a Manila a 1821, sa'an nan attajiran da suka yi arziki da cinikin sukari da taba suka fara biyan masu zane su yi musu hotunan kansu, suka kuma tura 'ya'yansu karatu Turai.

A 1884, a gasar zane ta ƙasa da aka yi a Madrid, Juan Luna ya sami lambar zinariya da zanensa Spoliarium, Félix Resurrección Hidalgo kuma ya sami ta azurfa. Zanen Luna, wanda faɗinsa ya haura mita 7, a birnin Rum aka yi shi, kuma yana nuna yadda a ke jan gawawwakin 'yan takobi daga filin wasan Rumawan dā. Idan aka bi ma'aunin samfuri da kayan aiki, babu ko ɗigon Filifin a cikinsa. Amma a walimar da aka shirya don girmama masu zanen biyu, José Rizal ya ɗauki nasararsu hujja cewa hazaƙa ba gadon wata al'umma ɗaya ba ce, ya kuma ga halin da ƙasarsu ta ke ciki a jikin zanen. Bayan shekara goma sha biyu, a 1896, Sifaniyawa suka harbe Rizal. Yau Spoliarium yana rataye a gidan adana kayan fasaha na ƙasa a Manila. Wannan ya nuna mana cewa tambaya ta huɗu ba ta tsaya ga mai saye ba; ta haɗa da jama'ar da suka karɓi aikin suka mai da shi nasu.

5.0 Ƙarni na Ashirin

Bayan da mulki ya koma hannun Amurka a 1898, muhawara ta dawo gida. Fernando Amorsolo ya shahara da zanen ƙauye da masu dashen shinkafa cikin hasken rana. Victorio Edades, wanda ya yi karatu a Seattle, ya nuna ayyukansa a Manila a 1928, ciki har da zanen leburori masu gini cikin launuka masu duhu. Dukansu biyu da dabarun Yamma su ke aiki, abin da ya raba su shi ne wace fuskar ƙasa ya kamata a nuna. Daga baya Abdulmari Imao, mutumin Sulu, ya shigar da okir cikin sassaƙar zamani, aka ba shi lambar Gwanin Fasaha na Ƙasa a 2006, shi ne Musulmi na farko da ya samu.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa aro ba ya raba aiki da masu shi, haka kuma kyan kwaikwayo ba ya mai da shi na wanda aka kwaikwaya. Matuƙar muka riƙe rabon Gabas da Yamma a matsayin ma'auni tilo, ɗalibanmu za su ɗauki masassaƙin Parian da Bagay da Luna a kan 'yan koyo kurum, alhali su ne suka ƙago abin da babu shi a Sin ko a Sifaniya. Shawararmu ga malamai ita ce, a tsara darasin tarihin fasaha bisa hanyoyin ciniki da tashoshin jiragen ruwa kamar yadda a ke tsara shi bisa nahiyoyi, a kuma saba wa ɗalibi da yin tambayoyin nan huɗu a gaban kowane aiki kafin ya yanke masa hukunci.