Kiwon Karnukan Farauta da Ciwon Gado

A ƙasar Hausa ba a cika ajiye kare don sha'awa ba, sai dai don gadin gida, ko tsaron dabbobi, ko farauta. Larabawan ƙauye ma suna da nasu karen farauta, watau saluki, wanda su ke girmamawa fiye da sauran karnuka. Shari'a kuwa ta yarda da wannan, gama a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta cin naman da dabba horarriya ta kamo, in an ambaci sunan Allah. To, duk mai kare nagari yana so ya sami ɗa irinsa, don an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma fa ba gudu da ƙarfin hanci kaɗai a ke gada ba. Har ciwo ma a kan gada.

A Turai akwai wani karen bin sawu da Ingilishi ke kira bloodhound. Babba ne, mai dogayen kunnuwa da sakakkiyar fata, ya kan bi warin mutum ko da an kwana da wucewarsa. An ce asalinsa daga gidan ibada na Sen Hubat ne, a ƙasar Beljiyam. Masu kiwonsa ba su da yawa. Tun da aka kafa ƙungiyar masu karnuka ta Ingila, watau Kennel Club, a 1873, sai ya zama al'ada a riƙa rubuta asalin kowane kare, ba a kuwa so a garwaya iri. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu karnukan nan suka yi ƙaranci ƙwarai a Ingila. Saboda haka na yanzu da yawa danginsu ɗaya. A binciken da ƙungiyar ta yi a 2004 an tarar rabinsu ba su kai shekara 7 ba su ke mutuwa, kuma wajen ɗaya cikin uku kumburin ciki ne ya kashe su, watau tumbi ya cika da iska ya murɗe.

Ga yadda ciwon gado ya ke tafiya. Kowace dabba ta kan sami ƙwayoyin gado kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ƙwayar da ta zo daga uba tana da aibi, ta uwa kuwa lafiyayya ce, sau da yawa ba a ganin kome, kare yana gudunsa yana cin abincinsa. Amma in aka haɗa kare da karya masu ɗauke da aibi iri ɗaya, to, a lissafi ɗaya cikin 'ya'ya huɗu zai gaji aibin ta wajen biyu, sai ciwo ya fito. Ba don a haɗa mutum da kare ba, haka sikila ta ke bin jini, abin da ya sa tun 2004 Sa'udiyya ta wajabta wa 'yan ƙasarta gwajin jini kafin aure. Hausawa mazauna Jidda da Makka sun san wannan. Dangi na kusa su ne suka fi yiwuwa su ɗauki aibi iri ɗaya. Mai karnuka kaɗan kuwa, dangi su ne a kusa da hannunsa.

Cikin cututtukan nan farfaɗiya ta fi wuyar sha'ani. Kare ya kan faɗi, ya sandare, ya yi ta shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Bayan minti ɗaya ko biyu sai ya farfaɗo, ya tashi a ruɗe. Mutane su kan zaci hauka ne, su kashe shi. Amma akwai bambanci. Mahaukacin kare ba ya warwarewa, cikin 'yan kwanaki ya ke mutuwa, cizonsa kuwa yana kisa. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Duk da haka kada a kusanci karen da ba a sani ba. Guba ma, ko bugu a ka, su kan kawo irin wannan faɗuwa, sai likitan dabbobi ne zai rarrabe.

Abin da ya sa ta ke da wuya shi ne, wadda a ke gada ta kan fara ne tsakanin wata 6 da shekara 6. Kafin ta bayyana, watakila karen ya riga ya yi barbara sau da yawa, 'ya'yansa sun bazu. Har wa yau, a yawancin irin karnuka ba ƙwaya ɗaya ce ke kawo ta ba, don haka babu gwajin jinin da zai nuna ta tun da wuri. Akwai magani, kamar fenobabital, mai rage yawan faɗuwa, amma ba ya cire ta daga jini.

Ba sai an tsaya ga karnukan Turai ba. A ƙasar Azawak, arewa da Tawa, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye suna da wani siririn kare mai dogayen ƙafafu, mai kamun barewa da zomo. A farkon shekarun 1970 aka kai kaɗan daga cikinsu Faransa da ƙasar da a ke kira Yugoslabiya a lokacin. Daga waɗannan 'yan kaɗan aka yi ta hayayyafa, ana haɗa dangi da dangi, har farfaɗiya ta zama cikin abin da masu kiwonsu a can ke tsoro. Daga baya sai da waɗansu suka komo Sahel neman sabon jini. Ashe dukiyar irin tana wurin makiyayan da ba su da littafin asali.

Saboda haka akwai abu uku da ya kamata ƙaramin mai kiwo ya kiyaye. Na farko, kada ya haɗa uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko wa da ƙanwa. Ƙungiyar nan ta Ingila ma tun 2009 ta daina rubuta 'ya'yan da aka samu ta haka. Na biyu, kada ya yi garajen barbara, ya bari kare ya manyanta, ya kuma tambayi labarin iyayensa da 'yan'uwansa. Na uku, in ciwo ya fito, ya faɗa wa waɗanda suka sayi kwikwiyo a wurinsa, ya kuma daina haɗa iyayen nan biyu.

Na ukun nan shi ne mai nauyi, gama akwai hasarar kuɗi a ciki, da jin kunya. Amma wanda ya ɓoye, ya sayar wa maharbi da karen da zai faɗi a tsakiyar daji, ya kuma zuba ciwon cikin karnukan garinsu shekara da shekaru.